Rabin Aji da Ƙwan Zabi

Shekarar da aka aiko mana da intanet, ni ce ke riƙe da rabin aji a firamaren wani ƙauye da ke bayan Madachi. Rabin aji kuwa, ga wanda bai sani ba, nan ne ake tara 'yan shekara huɗu da biyar kafin su shiga aji ɗaya, wato yaran da suka ishi iyayensu mata a gida amma ba su isa a aike su gona ba. A rubuce, aikina shi ne share musu fagen karatu. A zahiri kuwa share majina ne, da ɗaure tazuge, da raba faɗa a kan murfin kwalba. Daga Rano nake zuwa kullum a bayan ɗan acaɓa, har na san ramukan hanyar ɗaya bayan ɗaya.

Wata safiya hedimasta ya kira ni ofis, ya ce an zaɓe ni in je bita a Rano. Na san ma'anar "an zaɓe ki" a bakinsa: sauran malamai sun riga sun binciko cewa bitar ba ta da romo. Na ce to, na tafi.

Wata ƙungiya ce ta shirya ta. Mai koyarwar wani matashi ne ɗan birni, mai tsabta, mai fara'a, wanda da ganinsa bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da yaro mai mura ba. Ya kunna majigi ya nuna mana yaran wata ƙasa zaune a kan kafet, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kowa na ɗaga hannu yana tambayar malamarsa me ya sa kaza, me ya sa kaza. Ya ce zamanin malami ya faɗa yaro ya maimaita ya wuce. Yanzu yaro ne zai kawo tambayarsa, malama ta nema tare da shi a intanet, su tattauna, sannan yaron ya je gida ya faɗa wa iyayensa abin da ya gano, ya kuma yi aiki da shi. Ya rufe jawabinsa da cewa ai mu Hausawa ma mun ce matambayi ba ya ɓata. Wata tsohuwar malama daga wajen Kibiya da ke zaune kusa da ni ta sunkuyo ta ce, “Ba ya ɓata kam, amma yana shan mari.”

Aka raba mana wata 'yar kwamfuta falle ɗaya mai kama da allo, wadda ake kira tabilet, da faifan sola na caji. Na dawo da ita ƙauye a naɗe cikin ɗankwali. Yara suka sa mata suna allon bature, sunan kuma ya bi ta. Hedimasta ya riƙe ta a ƙirji aka ɗauke shi hoto, sannan ya miƙo mini ya ce duk abin da ya same ta a wuyana.

Matsala ta farko ita ce sabis. Na zagaya makarantar nan hannu a sama har bayan banɗaki, ban samu ba sai a kan wani falalen dutse da ke bayan gari, inda mata ke shanya. Saboda haka ranar bincike sai in jera yaran nan, kowa ya riƙe rigar na gabansa, mu ratsa ta gaban dattawan da ke hira a gindin tsamiya mu hau dutse. Ran farko wani tsoho ya bi mu da kallo ya ce, “An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To yau ga dutse, bari mu gani.”

Matsala ta biyu ta fi ta sabis, don ita ba ta da dutsen da za a hau. Yaran ba su da tambaya. Ba wai ba su da ita a ciki ba, an dai riga an koya musu inda ake ajiye ta. A gidajenmu yaron kirki shi ne wanda aka ce zauna ya zauna. In aka ce yaro ya cika tambaya, ba yabonsa aka yi ba. “Me ya sa?” amsarta biyu ce: ko a ce haka muka tarar, ko a ce ƙaniyarka ce ta sa. Da na tsaya a kan dutsen nan na ɗaga allon na ce, “Wa yake da tambaya?” sai ajin gaba ɗaya ya amsa da murya ɗaya, har da jan wasali, “Wa yake da tambayaaa!” Ban ga laifinsu ba, ni na saba musu da maimaita duk abin da ya fito daga bakina. Na yi bayani, na sake yi, na yi lallashi. Can wani ya ɗaga hannu, raina ya yi fari, ya ce, “Malama, in je fitsari?”

A hankali dai bakin ya fara buɗewa. Wani ya tambaya ko kifi yana barci. Wata ta ce jirgin sama yana da oda irin ta mota? Nakan rubuta da Turanci, don allon bai iya Hausar kirki ba, in jira abin nan ya gama juyawa, in fassara musu. Ranar da suka ga giwa tana wanka da hancinta, sai da na ƙirga su sau biyu kafin mu sauko, don murna ta sa wasu sun yi hanyar gangare. Na fara jin daɗin aikin, ba zan ɓoye ba.

Amma akwai yarinya ɗaya da nake jira. Jikar wata tsohuwar Bafulatana ce da ke zaune a gefen gari, ɗaya daga mutanen da suka taso daga wajen Unguwar Gai tun da daɗewa, shanun suka ragu, suka kama noma. Tsohuwar kuwa zabi take kiwo, kowa Goggo yake ce mata. Yarinyar 'yar fari ce, tun da aka yaye ta aka miƙa wa kakar. Ga tarbiyyar Hausa ga kunyar Fulani, sun haɗu a kan yarinya 'yar shekara biyar, sai ta zama ko sunanta ka kira da ido take amsawa. Ni na yi ta sintiri gidan Goggo kafin ta yarda a sa ta makaranta, da sharaɗin cewa in ta ga alamar tsaurin ido za ta cire ta. Tun da ta shigo ajina ban ji ta haɗa kalma uku ba. Amma a kan dutse ita ce ke matsowa kusa da allon fiye da kowa, tana kallo kamar za ta shige ciki. Na san akwai magana a cikin yarinyar nan, na kuma sa wa raina sai na ji ta, ba tare da na rasa ta ba.

Da damina ta yi nisa zabi suka kama saka ƙwai. Ran kasuwar Kibiya nakan gan su a hanya, Goggo da babbar ƙwarya cike da ƙwai, yarinyar a bayanta da ƙaramar, tana takawa a hankali kada ɗaya ya fashe.

Wata ranar bincike, an yi ruwa da asuba, dutsen bai gama bushewa ba, muna tsugune ana neman ko kada yana da harshe, sai na ji an ja gefen zanina. Ba ta ɗaga hannu ba. Ta ɗago kai kawai, da wata 'yar siririyar murya da ban taɓa ji ba, ta ce, “Malama, wai in yaro ya ci ƙwai ɓarawo zai zama?”

Tambayar ta kowa ce a ajin, ita dai ta samu bakin faɗa.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san zancen. Ni a Rurum Tsohon Gari aka haife ni, kuma ina iya tuna kaina a tsugune a bakin murhu, innata tana soya wa babanmu ƙwai, ƙamshin yana shiga har ƙoƙon kaina, in na miƙa hannu a ce, “Kul, so kike ki zama ɓarauniya?” Sai da na girma na shiga sahun manya na gane babu babban da ya yarda da maganar har zuciya. Ƙwan da yaro zai haɗiye yau, zabuwar baɗi ce, shi ne gishiri da sabulu, shi ne abin fita kunyar baƙo. Ka ce wa yaro babu hali, zai yi kuka ya sake tambaya gobe. Ka ce masa zai zama ɓarawo, shi da kansa zai janye hannu. Sirrin manya ne, kowa ya sani, ba mai faɗa. Ni kaina na taɓa faɗa wa nawa yaran, ranar da ƙwan bai isa ba.

Da na ga dama sai in ce sabis ya ɗauke. Amma wannan ce tambayar farko da yarinyar nan ta yi a rayuwarta ta makaranta, kuma ga ƙamshin ƙwan babana ya dawo mini sabo. Na rubuta. Allon ya juya, ya juya, sai ga hoton wani yaro mai kumatu riƙe da cokali a gaban dafaffen ƙwai, ga bayani a ƙasa cewa ƙwai yana gina jikin yaro da ƙwaƙwalwarsa, ba a kuma ambaci sata ko sau ɗaya ba. Na fassara musu tsaf, har da ƙarin gishiri. Na ce ƙarya ce, ƙwai ba ya sa sata. Sannan na cika umarnin bita kamar yadda aka koya mini: ku je gida ku faɗa wa iyayenku abin da kuka gano, ku yi aiki da shi. Yarinyar ta yi murmushi, na ga wushiryarta a karon farko. Har yau in na tuna ba na jin na yi laifi.

A yi wa yaran nan adalci, ta ƙofa suka fara bi. Sun je gida sun yi sallama sun ce allon bature ya ce a ba su ƙwai. Wasu aka yi musu dariya, wasu aka nuna musu muciya. To yaro an tabbatar masa ƙwai ba ya sa sata, an kuma hana shi ƙwai, ga akurki a tsakar gida ba ƙofa ba kwaɗo. Mene ne ya rage?

Kafin mako ya zagayo gari ya rikice. Kazar da ke kwanci ta tashi shan ruwa ta dawo ta tarar da wayam. Zabin da ke saka a ɓoye cikin gero aka bi sawunsu har gurbi, don babu mai sanin lungun gari kamar ɗan shekara biyar. Aka kama wasu uku a bayan masallaci suna dafa ƙwai a gwangwanin tumatir. Wani ya ɓoye nasa a cikin hula, babansa ya dawo daga gona ya dafa kansa don sa albarka, albarkar ta gangaro har wuya. Ɗan mai unguwa kuwa bara-gurbi ya ɗauko, ya fasa a ɗakin uwarsa, aka kwana biyu ana turare. Na ji ana dukan yara gida-gida ana cewa ɓarayi, har na daina bi ta tsakiyar gari.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ko ɗaya ba, ita ce mai tambayar, wadda ke kwana da ƙwarya cike a gefen tabarmarta. Ta je ta faɗa wa Goggo abin da allo ya ce, Goggo ta ce ta yi shiru, ta yi shiru.

Aka kira taron iyaye a ajina. Dattawa suka zauna a kan tabarmin yara, mata suka tsaya ta taga. Hedimasta, wanda hotonsa da allon ke manne a bangon ofis, ya buɗe taro da cewa shi dai tun farko Malama ya damƙa wa. Mai unguwa ya gyara zama ya fara bincikensa, kuma wallahi da mai bitar nan yana wurin da ya ba shi maki.

“Jama'a, kafin allon nan ya zo, yaranmu suna cin ƙwai?”

Aka ce a'a.

“Suna sata?”

Aka ce a'a.

“Yanzu sun ci?”

Aka ce sun ci.

“Sun yi sata?”

Aka ce har da ta hula.

“To ina ƙaryar magabata?”

Zuciya ta ɗebe ni na ce, “Ranka ya daɗe, ai sai da suka sata sannan suka ci, ba ci suka yi sannan suka sata ba.”

Ya dube ni da tausayi ya ce, “Malama, ko ta gaba ko ta baya, ɓarawo da ƙwai dai sun haɗu a ciki ɗaya.” Aka yi ta gyaɗa kai. Na duba fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, babu wanda bai san gaskiyar zancen ba, babu kuma wanda ya yi niyyar sani a gaban jama'a.

Sai wani ya ce, to wai wane yaro ne ma ya tono maganar? Na ce ba a faɗa. Ban rufe baki ba yaran da ke leƙe ta ƙofa suka amsa da murya ɗaya, yadda na koya musu, suka kira sunanta. Aka juya ana neman Goggo. Tana can ƙarshen taga, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. A kira jikarta a gaban maza a ce ita ce tushen sata a gari, ga Bafulatana wannan ya fi duka ciwo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Ni ban kawo ta don ta koyi tone-tone ba. Daga gobe ba ta zuwa.” Ta juya ta tafi.

Taron bai watse ba, don akwai sauran rina a kaba. Wasu suka ce a mayar da allon inda ya fito. Hedimasta ya yi wuf ya ce ba zai yiwu ba, mutanen ƙungiyar suna nan tafe ganin yadda bincike ke tafiya, ya kuma riga ya shaida musu cewa makarantarmu ce kan gaba. Aka shiga neman yadda za a yi bincike ba tare da an binciko komai ba. Mai unguwa ne ya samo mafita: a kafa kwamiti, shi da na'ibin liman da hedimasta, su zauna su tace tambayoyi masu tarbiyya, a ba yara su haddace. Yaro ya yi tambayarsa, amma wadda manya suka ba shi.

Ni aka sa in riƙa kawo tambayoyin suna dubawa. Na ce, me ya sa ake ruwan sama? Na'ibi ya ce wannan ikon Allah ne, ba a kai wa bature. Na ce, me ɗan akuya yake ci? Mai unguwa ya ce daga nan sai su tambayi ta ina ya fito. Na ce, me ya sa haƙori yake zubewa? Hedimasta ya taɓa bakinsa ya ce a wuce. Duk abin da ya shafi abinci aka soke shi tun daga nesa. Da ƙyar aka amince da ƙafafun gizo-gizo nawa ne, da wace dabba ce ta fi tsayin wuya, da launin tutar ƙasa. Mai unguwa ya so ya yi gardama a kan gizo-gizon, wai shi ma a tatsuniya ɓarawo ne, aka ba shi haƙuri.

Da yamma na sa ɗan acaɓa ya jira ni, na taka zuwa gidan Goggo. Na tarar tana watsa wa zabi dawa, yarinyar na zaune a bakin bukka ta haɗa kai da gwiwa. Na durƙusa na gaishe ta.

“Goggo, laifina ne, ba nata ba. Ki bar ta ta dawo.”

“Malama, ke ma fa uwa ce. Ke kin san abin da ake faɗa wa yaro da abin da ake bari sai ya girma ya gane.”

“Na sani, Goggo.”

“To da kika sani?”

Na yi ta roƙo dai. Na ce mata yanzu an kafa kwamiti, babu yaron da zai sake tambayar abin da ke ransa. Abin kunya, wannan ce hujjar da ta ci. Ta dubi zabinta ta ce, “Ta dawo. Amma bakin da kika buɗe, ki rufe shi da hannunki. In na sake jin ta tono wata magana, ke da ganinta sai a hanyar kasuwa.”

Ta dawo, amma ba wadda ta yi mini murmushi a kan dutse ba ce. Yara suna kiran ta 'yar ƙwai. Ta ga an zane abokanta, ta ji ana ce musu ɓarayi, kuma duk sun ci ƙwai. Ita ma ta yi nata lissafin irin na mai unguwa. In mun hau dutse sai ta koma can baya ta zauna, ko allon ba ta kallo. Muka shiga hadda. In ce, “Ƙafafun gizo-gizo nawa ne?” su ce, “Ƙafafun gizo-gizo nawa neee?” Aikin da na fi iyawa ke nan, su ma shi suka fi iyawa, cikin 'yan kwanaki tambayoyin suka zauna daram.

Ranar da baƙi suka zo, matashin nan ne da wata Hajiya mai gilashi da mai ɗaukar hoto. An wanke yara, an share dutse, mata sun kwashe shanya. Na ce wa yake da tambaya, hannuwa suka tashi bi da bi kamar yadda aka tsara. Hedimasta ya riga ya ce a ba 'yar Fulanin ta gizo-gizo, wai za ta yi kyau a hoto. Da aka zo kanta ta miƙe tsaye, ta harɗe hannu a ƙirji, ta ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba, ta ce, “Malama, ƙafafun gizo-gizo nawa ne?” Idonta na kan ƙasa. Amsar ma ta riga ta haddace ta, ko da sabis zai ɗauke.

Aka tafa. Hajiya ta cire gilashi ta share ido, ta ce ba ta taɓa ganin yaran karkara masu 'yancin tunani irin waɗannan ba. Matashin ya ce za a riƙa nuna bidiyonmu a wajen bita. Mai unguwa ya karɓi godiya a madadin al'umma. Ni kuwa don baƙin ciki na kasa cin shinkafar da aka dafa wa baƙi. Na samu yarinyar, ta zauna a makaranta, ta yi magana da ƙarfi a gaban manya, kuma babu ko kalma ɗaya tata a ciki.

Ran kasuwar Kibiya na je takanas. Na sami Goggo a layin masu nono, ƙwaryar ƙwai a gabanta, yarinyar ta tafi ɗebo mata ruwa. Na zaɓi ƙwai na biya. Na ɗaure a leda, ban tashi ba.

“Goggo, wannan da na saya, nawa ne ko?”

“Naki ne mana.”

“In na dafa, ina iya ba wanda na ga dama?”

Ta dube ni, ta san inda na dosa sarai. Ta kawar da kai wajen masu awo, ta gyara faifan da ke kan ƙwarya, ta ce, “Ni idona ba ya gani sosai yanzu, Malama. Abin da ke nesa ba na ganinsa.”

Washegari da aka tashi hutun tara na riƙe ta a aji. Na fito da dafaffen ƙwan zabi da ɗan yaji a takarda, na ɓare na miƙa mata. Ta ɓoye hannu a baya. Na ce Goggo ta sani. Na gutsuri nawa na ci a gabanta. Sai da ta ga na haɗiye sannan ta karɓa da hannu biyu. Ta fara cin farin a hankali, ta bar gwaiduwar sai ƙarshe, ta lashe yajin da ke takardar tas. Yarinyar da ta ɗauki ƙwai a ka zuwa Kibiya tun da ta iya tafiya, ran nan ta san ɗanɗanonsa.

Na juya ina tattara ɓawon, sai na ji an ja gefen zanina. Da 'yar siririyar muryar nan ta kan dutse, ba ta hadda ba, ta ce, “Malama, yanzu zan fara satar, ko sai na girma?”

Dariya ta zo mini tare da hawaye, na rasa wadda zan bari ta fito. Allon yana kulle a kabad ɗin hedimasta, tambayar kuma ba ta cikin na kwamiti. In na ce mata ba za ki yi ba, ai na taɓa faɗa, gari ya ƙaryata ni. Sai na tsuguna na kama hannuwanta na ce, “Wannan ba sai mun hau dutse ba. Ke za ki bincika. Ki sa wa hannun nan ido, gobe ki zo ki faɗa mini abin da ya yi. Amma tsakanina da ke.”

Da safe ina saukowa daga acaɓa na gan ta tsaye a ƙofar aji, ta riga kowa zuwa. Ta waiga hagu da dama, ta buɗe mini tafin hannunta biyu, ta ce a hankali, “Malama, ban yi ba.”

Haka muka yi ta yi har aka ba da hutu. Sauran yara suna can suna rera ƙafafun gizo-gizo, ita kuwa kullum sai ta riga kowa zuwa, ta tsaya a ƙofa, ta buɗe hannu. Ban taɓa ganin ta zo da tabbaci a fuska ba, kullum da ɗan tsoro take zuwa, sai ta faɗa sannan ta saki numfashi ta je ta zauna.

“Malama, yau ma ban yi ba.”